2922, 3824 Ko 3402: Wace Lamba Ce Ta Dace Da Gangar Amino-Alkohol A Gaban Kwastan?

Ganguna biyu na iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa a kwantena ɗaya, kowacce da takarda mai sunan tarayetanolamin a jikinta, amma kwastan ta raba musu gida. Ta farko tsantsar sinadarin ce, kashi 99 cikin ɗari, lambarta 2922.15. Ta biyu an gauraya shi da gilaikol da wasu abubuwa don a riƙa zubawa a injin niƙa siminti, sai ta fice daga babi na 29 na jadawalin kwastan gaba ɗaya, ta koma 3824.40, wurin haɗe-haɗen da ake ƙara wa siminti. Kama da wane ba ta wane ba. Wanda ya cike takardar shigo da kaya da sunan da ya gani a jikin ganga kawai, cinikin biri a sama ya yi.

Alkohol a nan ba giya ake nufi ba. Amino-alkohol dangin sinadarai ne da ke ɗauke da hannu biyu a jikin ƙwayarsu: ɗaya na naitirojin, wanda ake kira amino, ɗaya kuma na oksijin da haidirojin, wanda shi ne alamar alkohol. Da su ake tsotse iskar kabon dayoksaid da haidirojin salfaid daga iskar gas, da su ake daidaita tsamin fenti da man shafawa, suna cikin ruwan sanyaya ƙarfe wajen yanka, kuma daga wasunsu ake gina magunguna. Yawan amfaninsu ne ya sa rarraba su ke da wuya, domin sinadari ɗaya yana zuwa kasuwa cikin riguna da yawa.

Tsarin lambobin da ake magana a kai shi ne HS, na Hukumar Kwastan ta Duniya da ke Burasels, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 1988, ƙasashe da yankuna sama da 200 kuma suke amfani da shi. Lambobi biyu na farko babi ne. Huɗu na farko bari mu kira su gida, shida kuma ɗaki. Har zuwa ɗaki duniya bakinta ɗaya. Daga nan kowace ƙasa ta ƙara nata: Tarayyar Turai takwas, ta kai goma a jadawalin TARIC, Amurka goma, Indiya takwas.

Gidan 2922, da sharuɗɗan shigarsa

Gidan asali na amino-alkohol shi ne 2922, na sinadaran amino masu ɗauke da oksijin. Sai dai babi na 29 yana da mai gadi a ƙofa, wato sharaɗinsa na ɗaya: kayan ya kasance sinadari guda, mai sanannen gini, ko da akwai ragowar datti a cikinsa. Wannan sharaɗi ne ke yanke yawancin gardama, shi ya sa ya kamata a zauna a kansa.

Ruwa ba ya korar kaya daga babin. Sinadarin da aka narkar a ruwa yana nan a gidansa. Tarayetanolamin yana daskarewa a wajen digiri 21 na Selshiyos, don haka masana'antu ke sayar da wani nau'i da aka ƙara wa ruwa kamar kashi 15 don kada ya sandare a hanya, kuma wannan bai fita daga 2922.15 ba. Haka amino-metil-propanol da ake sayarwa da ruwa kashi 5 don masu haɗa fenti, yana nan a 2922.19. Amma idan wani abin narkarwa ne ba ruwa ba, sai an nuna cewa don tsaro ko sufuri kaɗai aka zuba shi, kuma bai mayar da kayan na wani aiki na musamman ba. An yarda da ɗan abin hana lalacewa, ko launi da ƙamshi don a gane kayan. Da zarar ƙarin ya zama don inganta aiki, ƙofa ta rufe.

Batun datti ya fi daɗin muhawara. Ana samun etanolamin ne ta haɗa etilin oksaid da amoniya, kuma tukunya ɗaya ke haifar da 'yan'uwa uku a tare, monoetanolamin (MEA) da dayetanolamin (DEA) da tarayetanolamin (TEA), sannan a raba su ta hanyar tacewa da zafi. Saboda haka TEA mai kashi 85 cikin ɗari, wanda ragowarsa galibi DEA ne, yana da hujjar cewa abin da ke cikinsa ragowar sarrafawa ne. Sharhin hukumar ta Burasels ya lissafa abin da ake kira datti: kayan farko da ba su juye ba, dattin da suka zo da shi, abubuwan da aka yi amfani da su wajen sarrafawa, da 'ya'yan gefe da aikin ya haifar. Amma sharhin ya ƙara da cewa idan da gangan aka bar su don kayan ya dace da wani aiki, sun daina zama datti. To, ganga mai TEA 85 da DEA 15 da ta fito haka daga matata daban take da wadda aka ɗebo tsantsar biyu aka gauraya a ma'ajiya, alhali gwajin ɗakin bincike zai nuna abu ɗaya. A irin wannan yanayi takardar da ke bayanin yadda aka sarrafa kayan ta fi takardar gwaji ƙarfi, kuma ita ce masu sayarwa suka fi ƙyashin bayarwa.

Idan kaya ya shiga gidan, sai neman ɗaki. 2922.11 na monoetanolamin ne da gishirinsa, 2922.12 na dayetanolamin da gishirinsa. 2922.14 na dekstropropoksifin ne, maganin ciwo da ke cikin jerin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kan ƙwayoyi masu sa maye. Sauran huɗu gyaran 2017 ne ya kawo su: 2922.15 na tarayetanolamin, 2922.16 na wani gishirin DEA da PFOS, sinadari mai gurɓata muhalli, 2922.17 na metil-dayetanolamin (MDEA) da etil-dayetanolamin, 2922.18 na dai-isopropil-amino-etanol. Duk wanda bai samu ɗaki da sunansa ba, sai 2922.19, ɗakin saura.

A lura da wani abu ƙarami da ke kayar da mutane. Kafin 2017 lambar TEA 2922.13 ce, kuma ta haɗa da gishirinsa. An share ta. Sabon ɗakin bai ambaci gishiri ba, don haka gishirin TEA ya koma 2922.19. Har yau akan ga tsohuwar lambar a takardun wasu masu sayarwa da ba su sabunta kundinsu ba.

Ba don ƙawa aka gina waɗannan sababbin ɗakuna ba. Yarjejeniyar hana makamai masu guba, wadda ta fara aiki ranar 29 ga Afrilun 1997, hukumarta kuma ke zaune a birnin Heg, ta sa TEA da MDEA da etil-dayetanolamin a jadawalinta na 3, domin daga cikinsu ake iya haɗa gubar da ake kira mustad na naitirojin. Dai-isopropil-amino-etanol kuwa yana jadawali na 2, saboda yana kan hanyar haɗa gubar VX, kuma haramun ne a aika kayan jadawali na 2 ga ƙasar da ba ta cikin yarjejeniyar. An ba su ɗakuna na kansu ne don jami'in kwastan ya gan su da ido ɗaya. Wanda ya tura MDEA zuwa 2922.19 da tunanin ai ɗakin saura ya fi sauƙi, ko da kuskure ne, a idon hukuma ya yi kama da mai ɓoye kayan da ake sa wa ido. Wannan ya wuce batun cike gibin haraji.

Kuma ɗakin saura kansa ba mafaka ba ce. Dayetil-amino-etanol yana 2922.19, yarjejeniyar makamai masu guba ta keɓe shi daga jadawali na 2, amma yana cikin jerin Rukunin Ostireliya, ƙawancen ƙasashen da ke sa ido kan fitar da irin waɗannan kayayyaki tun 1985.

'Yan gida da suka yi ƙaura

Masanin kimiyya zai kira abubuwa da yawa amino-alkohol waɗanda kwastan ba za ta ajiye a 2922.1 ba. Sharaɗi na uku na babin ya ce idan kaya ya dace da gidaje biyu ko fiye a cikin babi na 29, na ƙarshe a lissafi ne ke ɗaukarsa. Kolin, wanda naitirojinsa ke riƙe da hannaye huɗu, yana 2923.10. Idan naitirojin ɗin yana cikin zobe, kamar hidroksi-etil-piperazin, kaya ya tafi 2933, dangin mofolin kuma 2934. Adirenalin yana 2937 tare da sauran homon. Efedirin da sudo-efedirin suna 2939.41 da 2939.42, cikin alkaloyid, ga kuma takunkumin yarjejeniyar 1988 a kansu domin ana haɗa miyagun ƙwayoyi da su. Salbutamol na masu asma bai bar gidan ba, amma da yake yana da fenol baya ga alkohol, ɗakinsa 2922.50 ne.

Wannan ƙa'ida ta na ƙarshe ya ɗauka tsakanin gidaje kawai take aiki. Babin ya faɗa ƙarara cewa ba ta aiki tsakanin ɗakuna. Na sha ganin ana tafka wannan kuskure, a zaɓi 2922.50 don kawai ita ce ta ƙarshe. Akwai kuma hanyar da sharhin ya shimfiɗa ga ƙwayar da ke da irin haɗin oksijin da ake kira ita (ether) ko esta (ester): ana duba ɓangaren da ke tsakanin naitirojin da oksijin ɗin ne, abin da ke bayan nan a kau da kai. Nan kam sai an zana ginin ƙwayar a takarda, kuma aikin masanin sinadarai ne, ba na mai cike fom ba.

3824 da 3402

Idan mai gadin babi na 29 ya hana shiga, mutane sukan ruga 3824.99, wurin haɗe-haɗen sinadarai da ba a ambata a wani wuri ba. Sau da yawa daidai ne. Ruwan tace iskar gas da aka haɗa MDEA da piperazin misali ne mai kyau: sinadarai biyu, an gauraya su da niyya, don aiki sananne. Amma 3824 wurin ƙarshe ne, sai an zagaya an rasa gida kafin a ƙwanƙwasa shi. Haɗin hana tsatsa da ake zubawa a man fetur ko man inji yana da 3811. Ruwan yankan ƙarfe mai santsi yana da 3403. Maganin da aka auna aka zuba a ƙwaya ko kwalba ya tafi 3004. Idan an jera ƙwayoyi an yi sarƙa mai tsawon aƙalla gaɓa biyar a matsakaici, sai a leƙa babi na 39.

Abin da ya fi muhimmanci game da 3824 shi ne sauya lamba ba ya ɗage takunkumi. Dokokin sa ido kan fitar da kaya sinadarin suke bi da yawansa a cikin haɗi. A dokar Tarayyar Turai, haɗin da TEA ko MDEA ya wuce kashi 30 na nauyinsa yana nan a ƙarƙashin sa ido, ko wace lamba aka rubuta masa. Ruwan tace gas ɗin nan galibi ya zarce wannan nesa ba kusa ba.

Gidan 3402 kuwa na sinadaran wanki ne, masu sassauta fatar ruwa, kuma shi kaɗai ne a cikin ukun ke da gwaji mai lamba. Sharaɗi na uku na babi na 34 ya ce a zuba kashi 0.5 na kayan a ruwa mai digiri 20, a bar shi awa guda. Idan ya ba da ruwa garau ko gauraye mai zama lafiya ba tare da wani abu ya ware ba, kuma ya sauke tsaurin fatar ruwa zuwa dain 45 a santimita ko ƙasa da haka, ya cika sharaɗi. Ruwa zalla yana wajen 72. Nan ne 'ya'yan amino-alkohol da aka aurar da kitse ke sauka: amin na kitsen dabba da aka ɗora wa etilin oksaid, dayetanolamaid na man kwakwa da ke sa sabulun ruwa kumfa, da estakwat da ake yi daga TEA don tausasa tufafi. Kitse na halitta gaurayen sarƙoƙi ne masu tsawo daban-daban, don haka abin da aka gina a kansa ba sinadari guda ba ne, babi na 29 ba zai karɓe shi ba. Tun gyaran 2022 ɗakunan su ne 3402.41 ga masu cajin fositif, 3402.42 ga marasa caji. Amma idan sinadari guda ne tsantsa, ko da yana kumfa, babi na 29 ne ke riƙe da shi.

A gaskiya 3402 ya fi sauran sauƙin karewa a gaban jami'i, tunda sakamakon gwaji ne ke magana. 2922 yana buƙatar shaidar tsarki da bayanin sarrafawa. 3824 yana buƙatar ka tabbatar da rashin wani gida, wanda shi ne mafi wahalar hujja.

To ina kuɗin yake?

Mai neman lambar da ta fi arha zai yi mamakin ƙanƙantar ratar. Bayan zagayen tattaunawar Yurugwai, manyan ƙasashe masu sarrafa sinadarai sun daidaita harajinsu a kan sifili, 5.5 da 6.5 cikin ɗari. A Tarayyar Turai yawancin 2922 na biyan 6.5, yawancin 3824.99 ma haka, 3402 kuma 4. A wasu ƙasashe ratar ta fi haka, musamman inda ake sassauta wa kayan masarufi na masana'antu a tsananta wa kayan da aka gama haɗawa, amma ko a can ba harajin yau da kullum ne ke yin babbar ɓarna ba.

Harajin hana karya farashi shi ne mai cizo. Tarayyar Turai ta ɗora shi kan etanolamin na Amurka a 1994, ya kuma daɗe. Sin ta ɗora nata a 2018 kan na Amurka, Saudiyya, Malesiya da Tailan. Irin wannan haraji da bayanin kaya da lambarsu ake ɗaure shi, don haka duk wanda ya sauya daga 2922 zuwa 3824 a daidai lokacin da aka ɗora shi ya jawo wa kansa bincike. Sai yarjejeniyar magunguna ta Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, wadda Amurka, Tarayyar Turai, Japan, Kanada, Suwizalan da wasu kaɗan ke bi tun 1995: sinadarin magani da sunansa ke cikin jerin yana shiga ba haraji, amma sai a matsayinsa na sinadari da aka rarraba daidai. Ga kuma ƙa'idojin asalin kaya a yarjejeniyoyin ciniki, inda sau da yawa sauyin ɗaki ko gida ne ke nuna an sarrafa kaya a ƙasa. Lamba ta kuskure na iya rushe rangwamen gaba ɗaya, shekaru bayan kaya sun shiga kasuwa.

Maganar wa za ka kama?

Lambar da mai sayarwa ya rubuta a takardar farashi ita ce mafi sauƙin samu, ita ce kuma mafi rauni. Don fitar da kaya daga ƙasarsa ya zaɓe ta, lambobin da ke bayan shida ba su da ma'ana a wajenka, kuma idan ta zama kuskure mai shigo da kaya ne ke amsa tambaya. Ga MEA ko DEA tsantsa ba laifi a ɗauka, a duba ta da jadawalin ƙasar da kayan za su. Ga duk abin da ke da sunan kasuwa kawai, ba lambar CAS, wato lambar rajistar da ke bambanta kowane sinadari da wani, ban ga dalilin dogara da ita ba.

Wakilin da ke fitar maka da kaya a tasha ya san hanyar ofis, amma ba lallai ya san bambancin amin da amaid ba. Abin da ka ba shi da shi zai yi aiki. Ka ba shi lambar CAS, misali 102-71-6 ta TEA ko 105-59-9 ta MDEA, da takardar gwajin da ta lissafa komai har ya cika kashi ɗari. Takardar bayanin haɗari ba ta wadatar ba, domin abubuwa masu haɗari kawai take ambata, kuma sau da yawa da tazara take faɗin yawansu, ba adadi tsayayye ba.

Akwai rumbunan bayanai na kyauta da ke taimakawa ƙwarai. ECICS na Tarayyar Turai yana ba da lambar kwastan idan ka shigar da CAS. CROSS na kwastan ɗin Amurka yana ɗauke da hukunce-hukuncen da aka yanke tare da dalilansu, kuma dalilan sun fi lambar amfani. Amma ECICS sinadarai tsantsa ya fi sani, ba shi da abin cewa kan haɗin da kamfani ya ƙirƙira, hukuncin wata ƙasa kuma ba ya ɗaure wata.

Mafi ƙarfi shi ne hukuncin gaba, wanda hukumar kwastan ke bayarwa a rubuce kafin kaya su taso. Sashe na 3 na yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki, wadda ta fara aiki ranar 22 ga Fabrairun 2017, ya nemi ƙasashe mambobi su samar da shi. A Tarayyar Turai yana aiki shekara uku, hukuma na da kwana 120 ta amsa, kuma yana ɗaure ɓangarorin biyu. Wato idan amsar ba ta yi maka daɗi ba, ba ka da damar jefa ta a aljihu ka ci gaba da tsohuwar lamba. Dole kuma ka buɗe sirrin haɗinka ga hukuma, abin da ke sa wasu masana'antu aika bayanin kai tsaye ba ta hannun mai saye ba.

Da ni ne mai zaɓi, ga tsantsar sinadari mai ɗaki da sunansa ba zan ɓata wata huɗu ina jiran hukunci ba, lasisin fitarwa da takardar shaidar mai amfani na ƙarshe zan sa a gaba. Ga sabon amino-alkohol mai haɗin ita ko esta ko zobe, masanin sinadarai da ECICS sun isa idan jigila ɗaya ce, amma idan ciniki ne na shekara da shekaru zan nemi hukunci. Ga TEA 85, ga duk abin da aka narkar a wani abu ba ruwa ba, ga haɗin da ke tsakanin 3402 da 3824, hukuncin gaba zan nema tun kafin a sa hannu a kwangila, a kuma rubuta a cikinta cewa mai sayarwa zai sanar da duk wani sauyi a haɗin, domin hukuncin kayan da aka bayyana kaɗai yake karewa.

Shi ma hukuncin yana faɗuwa idan jadawalin da aka gina shi a kai ya sauya. An gyara HS a 1996, 2002, 2007, 2012, 2017 da 2022, gyara na gaba zai fara aiki ranar 1 ga Janairun 2028. Kwangilar da za ta tsallaka wannan rana tana buƙatar a sake duba lambobinta da teburin daidaitawa da hukumar ta Burasels ke fitarwa, kafin jirgin farko na shekarar ya tashi.